Huji a Ƙashin Fiffike

Miknas, watan Rabi'u Sani.

Zuwa ga Innata, Lalla Yamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin koma Azru lafiya. Ya gwiwar taki, ya sanyin dutse? Ya saƙa, ya tumaki? Ina gaida Si Bu'azza, limaminmu, wanda zai karanta miki takardar nan. Allah ya ƙara masa hasken ido, ya kuma hana shi tsallake layi.

Mu nan ƙalau muke. Surukarki Zuhur tana gaishe ki. Zaitun ɗin da kika kawo mana da Mauludi har yanzu akwai saura, don ɓoye mini take yi.

Na san ba kya son zancen jirgin saman da nake ƙerawa, amma sai na yi miki. Kin tuna dogon katakon nan fari da ya kwanta a garejin bayan gida, daga wannan bango zuwa wancan, wanda kika shafa kika ce ya dace da ƙofar masallaci? Shi ne ƙashin fiffike. Guda ɗaya ne, ta ƙarƙashin kujerata zai bi, kuma shi ke ɗauke da jirgin da mai tuƙa shi. Daga ƙetare aka kawo katakonsa, na kusa tsufa ina jira. To yanzu duk mun jera haƙarƙari a kansa yadda zanen Faransawan ya nuna. Injin tsohuwar motar da zan ɗora wa jirgin ma na tayar da shi, kajin maƙwabta sun watse, matar mai gidan burodi ta tsine mini. Saura in shafa banish, sufeton jirage ya zo ya duba, sannan a rufe fiffike da yadi.

Kada ki riƙe ni a rai saboda layar da kika so rataya mini na ƙi. Ba raini ba ne, Inna. Ni makanike ne, na saba da abin da ake aunawa, kuma 'yan ƙungiyarmu ta masu ƙananan jirage bakinsu ba ya shiru. Addu'arki ta ishe ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai Jilali ne. Ɗanki ne kamar yadda nake ɗanki, tunda nono ɗaya kika ba mu bayan rasuwar mahaifiyarsa, don haka wa zan kai wa ƙararsa in ba ke ba? Gaskiya kuwa ba don hannunsa ba da jirgin nan bai wuce takarda ba. Duk kasuwar kafintoci babu mai haɗa katako kamarsa. Amma tun da kika tafi ya sauya mini. Da, in ya rufe shago ya shigo gareji, tun daga ƙofa zai fara: “Ina mai jirgin ƙasa da ƙasa ta ishe shi? Tashi ka dafa shayi, kai da ba ka iya riƙe zarto ba.” Ni kuma in ce masa mai akwatin amare bai isa ya koya mini tashi sama ba. Yanzu kuwa sai ya shigo sum-sum, ya yi aiki, ya fice. Shayin ma a kofi yake bari.

Akwai kuma wata tambaya da ya yi mini ana gobe za ki tafi, wadda sai yanzu take mini yawo a kai. Cewa ya yi, “Lahsan, duk cikin katakon nan, wanne ne ranka ya rataya a kai?” Na yi dariya na ɗora hannu a tsakiyar ƙashin, daidai inda kujera za ta zauna. Na ce, “Nan. In nan ya karye, sai ka je ka gaya wa Inna.” Bai yi dariya ba, ya tsaya yana kallon wurin.

Jiya na ce zan rubuta sunanmu mu biyu a jikin jirgin. Buɗar bakinsa sai ya ce, “Rubuta naka kai kaɗai.” Mutumin da ko cokali ya sassaƙa sai ya ƙona sunansa a gindi! Zuhur ta ce gajiya ce. Ni dai raina bai kwanta ba. In ya faɗa miki wata damuwa lokacin da kike nan, ki sanar da ni.

Ki huta lafiya. Ki riƙa ɗumama gwiwar da man zaitun.

Ɗanki,
Lahsan.


Miknas, watan Jimada Ula.

Innata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, da duk wanda ke kusa da ke. Si Bu'azza, ina gaisuwa. Wannan ka karanta mata a hankali, ka kuma tabbata a zaune take.

An huda ƙashin fiffike.

Ga yadda na gani. Ranar Asabar na shafa banish na biyu, na buɗe ƙofar gareji don ya sha iska. Hasken hantsi ya faɗo a kan katakon ta gefe, sai na hangi wata da'ira kamar faɗin dirhami, ta fi sauran wurin ja kaɗan. Daidai inda na ɗora hannuna rannan. Na shafa, babu tudu babu kwari, sumul. Na kankare da bakin wuƙa na kai hanci. Ƙamshin al'ul ne, Inna, itacen dutsenmu. Jirgin nan babu al'ul a jikinsa ko tsinke. Wani ne ya huda rami, ya sassaƙa toshi, ya cusa da gam, ya bi da samfefa, har ya daidaita jijiyar katakon da ta toshin. Ba don banish ya kama su daban ba, da har abada ban gani ba. Kuma wurin ƙarfen kujera ne zai rufe shi, ko sufeto ba zai gani ba.

Mabuɗin gareji biyu ne, ɗaya a aljihuna. Mutum nawa ne a Miknas za su iya toshi irin wannan? Shagon wa ke ƙamshin al'ul tun daga bakin titi?

Ban tsaya cin abinci ba na nufi kasuwa. Na same shi yana sassaƙa murfin akwati. Na ce, “Jilali, wa ya huda mini ƙashi?” Ya ɗago, ya yi tsuru-tsuru, ya ce, “Ka gani ke nan.” Na ce, “Na gani. Kai ne?” Ya ce, “Ba zai karye ba.” Na ce ba abin da na tambaye shi ke nan ba. Ya ce, “Ramin da na toshe ya fi inda ban huda ba ƙarfi, tambayi kowa a layin nan. Gadon kakarka ma haka na yi masa, ya motsa?” Na ce, “Gadon kaka tashi sama yake yi, kai sakarai? Sau nawa na karanta maka cewa ko ƙusa ba a bugawa a ƙashi sai inda zane ya ce?” Ya ce, “Takardar Nasara ba ta san katako ba.” Na ce, “To me ya sa ka huda?” Nan fa ya sunkuyar da kai ya ce, “Wannan kam kada ka tambaye ni, ɗan'uwa. Don Allah kada ka tambaye ni.”

Na yi juyin duniya, ya ƙi. Na karɓe mabuɗina na tafi.

Inna, ki taya ni tunani, don kaina ya ɗau zafi. In kuskure ne, abin huji ya zame masa, me zai hana ya faɗa? Ni ma na sha ɓata katako yana mini dariya. In kuma so yake sufeto ya hana jirgin tashi don yana jin tsoro a kaina, ai a fili zai bar ramin kowa ya gani. Amma ɓoyewa ya yi, da duk gwanintar da Allah ya ba shi. Wanda ya ɓoye irin wannan so yake jirgin ya tashi. Ya kuma fara tambayata inda raina yake, ni kuma da wautata na nuna masa da hannuna. Shi ya sa ba ya son sunansa a jiki.

Ina jin kunyar abin da nake rubutawa, amma tsoronsa nake ji. Me na yi masa? Na zauna ina tono tun daga yarinta. Ko don ni aka kai makaranta, shi aka kai shago? Ko don yanzu a kasuwa ni ake kira mai jirgi, shi da ya yi aikin ba a ambatonsa? Ko don kujera ɗaya ce? Jiya matarsa ta aiko mana da kuskus na Juma'a kamar kullum, na ce Zuhur ta mayar. Ta yi kuka ta ce na haukace. Wataƙila. Amma ba ita za ta zauna a kan ramin ba.

Ke kika raine shi. Ki faɗa mini gaskiya, kin taɓa ganin ƙiyayyata a idonsa?

Wassalam.

Ɗanki,
Lahsan.


Miknas, watan Jimada Sani.

Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, amsarki ta iso tare da zuma. Na gode da zumar.

Amsar ce ban gode ba. Na rubuta miki cewa an haƙa mini kabari a cikin katako, ke kuma abin da kika ce kawai shi ne in bar Jilali, ɗan'uwana ne, in bar katakon yadda yake, kada in taɓa, Allah zai tsare. Haba Inna! Si Bu'azza, anya ka karanta mata duka kuwa? Ko ka tsallake ne don kada hankalinta ya tashi?

Dama na sani. Tun muna yara, in mun yi faɗa ni kike duka, ki ce shi maraya ne. Ya fasa tulu, ni ne ban riƙe masa ba. Yanzu gemuna ya fara fari, har yau shi ne maraya.

Bari ki ji abin da na ƙara ganowa. Matar mai gidan burodi ta gaya wa Zuhur cewa ranar da muka raka ki tashar mota, ta ga Jilali ya buɗe gareji da abin huji a ƙarƙashin jallabiyarsa. Kin tuna ya ce ba zai samu rakiya ba, wai yana da aikin gaggawa? Ashe ga aikin. Jira ya yi gida ya zama babu kowa. Ya sumbaci kanki da safe, ya je ya huda wa ɗanki rami da hantsi.

Na ƙwanƙwasa wurin da 'yar guduma, sautinsa ba irin na sauran ba ne. Akwai fili a bayan toshin, wato ramin ya yi zurfi. Na nuna wa wani tsohon matuƙi a ƙungiyarmu ba tare da na faɗi suna ba. Ya cire tabarau ya ce ko kare ba zai ɗora a kan wannan ƙashi ba, sai dai a yanke a jefar. Aikin shekaru, Inna. Katakon da na yi ta jira.

Shekaranjiya mun haɗu da Jilali a ƙofar masallaci. Ya miƙo hannu, na sa nawa a aljihu. Ya ce, “Lahsan, ka ci abinci kuwa? Duk ka rame.” Ji fa! Na ce, “Ramar ta dame ka? Ai sai na fi sauƙin ɗauka a makara.” Sai idonsa ya kawo ruwa. Da a da ne da jikina ya yi sanyi. Yanzu ko hawayen nasa sai na ji kamar an bi su da samfefa.

Zuhur ta ce in yanke katakon ni kaɗai a gareji, in rufa wa kowa asiri. Na ƙi. A ɓoye ya yi, a fili za a buɗe. Na je wurin Alhaji Allal, shugaban kafintoci, wanda ke raba musu gardama. Ya yi ta lallashina, ya ce shekara da shekaru ba a taɓa kawo masa ƙarar Jilali ba. Na ce to yau an kawo. Ya sa mana ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar, a garejina, gaban dattawan layinsu. Ni da hannuna zan sa zarto, kowa ya ga zurfin abin da ɗan'uwana ya yi mini.

Kada ki aiko a hana ni. Kafin takardar nan ta hau dutse ta same ki ma an gama.

Ki gaida mutanen gida.

Lahsan.


Miknas, watan Rajab.

Zuwa ga mahaifiyata, Lalla Yamna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ina fatan gwiwar za ta bar ki ki hau mota, don abin da zan roƙa ke nan a ƙarshe. Si Bu'azza, ba sai na ce ka karanta a hankali ba. Ka riga ka san abin da ke ciki.

Sun zo ranar Alhamis. Alhaji Allal da dattawa, da waɗanda ba a gayyata ba, har bakin ƙofa ya cika. Jilali ne ya zo ƙarshe, da farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya tsaya jikin bango. Alhaji ya tambaye shi, “Ma'allam Jilali, kai ka huda?” Ya ce, “Ni ne.” Ya ce, “Don me?” Ya ce, “Alhaji, na yi rantsuwa.” Alhaji ya ce, “Ga wa?” Ya yi shiru.

Shirun nan ne ya tunzura ni. Na faɗi abin da ba zan iya mayarwa ba. Na ce masa maci amana, na ce hassada ce ta cinye shi tun muna yara. Na ce duk wanda ya ba shi aikin gadon jariri ya duba ƙarƙashi. Sannan na nuna shi da yatsa a gaban mutanen da yake cin abinci a cikinsu, na ce, “Nonon uwata da ka sha, Allah ya isa. Daga yau ba ni ba kai.” Alhaji ya ce, “Subhanallahi, Lahsan, janye!” Na ƙi janyewa. Na ɗauki zarto.

Na yanka ta gefen toshin. Da katakon ya rabu, wani ɗan abu ya faɗo cikin garin zarto, bai fi ɗan yatsa ba. Naɗaɗɗe ne cikin koren ƙyalle, an ɗinke shi da jan zaren ulu.

Ba sai an gaya mini ba. Na san koren ɗankwalin nan, shi kike ɗaurawa ranar kasuwa. Na san jan ulun da kike rinawa da kanki, na san ɗinkinki mai ƙulli biyu a ƙarshe, da shi kika ɗinke mini duk wandon da na yaga. Layar da na ƙi karɓa ce.

Jilali ya tako, ya durƙusa, ya ɗauke ta, ya hure ƙurar, ya sumbata, ya sa mini a tafin hannu. Ya ce, “Tunda ta fito da kanta, rantsuwata ta sauka. Inna ce ta ce in sa maka ita inda ranka yake, kada ka sani, don za ka cire. Ni ban san inda yake ba, shi ya sa na tambaye ka.” Alhaji ya ce, “To ai da ka yi magana, Ma'allam.” Ya ce, “Ta sa ni na dafa ƙirjinta na rantse. Ni ban taɓa ce mata a'a ba.” Ya juyo gare ni ya ce, “Sunana kuma da na ce kada ka rubuta, don na yi maka aiki a ɓoye ne, kunya nake ji.”

Daga nan ya ɗauki guntun ƙashin ya juya shi. Ramin ya ci fiye da rabin kaurin katakon. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a hankali, “Da gaske zai karye?” Na ce, “Zai karye.” Ya ajiye guntun, ya yi wa dattawa sallama, ya fita.

Inna, zan faɗa miki gaskiya, don ke kika koya mini ita. Abin da kika sa a yi don ki tsare ni, shi zai kashe ni. Na san ba ki sani ba. Shi ma bai sani ba, a ganinsa katako katako ne. Amma takarduna sun zo miki. Kin ji ina zargin ɗanki da neman raina, kin ji na mayar da kuskus, kin ji na hana shi hannu a ƙofar masallaci. Kalma ɗaya ta ishe mu, kika aiko da zuma. Na yi fushi da ke ƙwarai, har yanzu ban gama hucewa ba. Na kuma san dalilinki: tsoro kika ji in cire layar. Kai kuma Si Bu'azza, kai ka rubuta ta, kai ka karanta takarduna, ka ninke ka yi shiru. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Amma bakin da ya yi Allah ya isa nawa ne, ba na kowa ba.

Washegari na je shagonsa, a rufe. Na je gida, matarsa ta leƙo ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Na koma, na sake komawa. Na tsaya a waje na ce, “Jilali, mai akwatin amare, fito ka zage ni mana.” Bai fito ba. Alhaji Allal ya bi layin kafintoci shago-shago ya wanke shi, ni ma na bi bayansa na ce ni ne maƙaryaci. Jilali ya buɗe shago yanzu, amma in ya hango ni sai ya shige ciki. Ta bakin Alhaji ya aiko mini da magana ɗaya. Ya ce zagin duk ya yafe, ramin kuma laifinsa ne, zai ɗauka har kabari. Amma nono ba nawa ba ne da zan yi masa Allah ya isa a kai, kuma ba ni zan janye ba. Mai shi ce kaɗai za ta ce ya halatta.

Katako ana sake odarsa, Inna, ko shekara nawa zai ɗauka. Ban ma san ko zan sake ba, don babu mai haɗa mini. Layar tana wuyana, Zuhur ta sa mata igiya. Duk mai dariya ya yi.

Ki zo. Kada ki jira rani, kada ki tsaya haɗa tsaraba. Ki hau motar ranar kasuwa, zan jira ki a tasha in kai ki ƙofarsa, in tsaya a waje. Ke kam zai buɗe miki.

Ɗanki, ɗaya daga cikin biyu,
Lahsan.